Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Majalisar Dokokin Jihar New York kan Yarjejeniyar Lasisin Mataimakan Likita

Zuwa ga Mai girma Kakakin Majalisar Wakilan jiha, Carl Heastie. Mai girma Shugabar masu rinjaye a Majalisar Dattawan jiha, Andrea Stewart-Cousins. Da dukkan 'yan majalisar da ke wakiltar Bronx a Albany. Kwafi ga Mai girma Gwamna Kathy Hochul.

Masu girma shugabanni,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku, ina rubuto muku ne a matsayina na mataimakin likita, wato abin da aka fi sani da PA, mai aiki a wani ƙaramin asibitin unguwa a Bronx. Ina magana ne da yawun wasu abokan aikina, da kuma yawun marasa lafiyar da muke dubawa, waɗanda da dama daga cikinsu mutanen Afirka ta Yamma ne, cikinsu har da Hausawan da suka fito daga zangunan Ghana, da Nijar, da arewacin Najeriya. Na rubuta da Hausa ne domin iyayenmu da 'yan uwanmu su karanta da kansu, su san abin da ake nema da sunansu kafin su sa hannu a kai.

Dalilin wasiƙar shi ne, zaman majalisa na shekarar 2025 ya ƙare ba tare da jiharmu ta shiga yarjejeniyar da ke bai wa mataimakin likita mai lasisin jiha ɗaya damar yin aiki a sauran jihohin da suka amince da ita ba. Kafin in shiga koke, ya dace in yaba da abin da kuka riga kuka yi. Dokar da aka sa wa hannu a ƙarshen 2024, wadda ta ƙara yawan mataimakan da likita ɗaya zai iya sa wa ido a asibiti mai zaman kansa daga 4 zuwa 6, ta sauƙaƙa wa ƙananan asibitoci irin namu ɗaukar ma'aikata. Wannan ya nuna kun san amfanin aikinmu, kuma shi ya sa jan ƙafar da ake yi a kan yarjejeniyar ke ɗaure mana kai.

Ga waɗanda ba su san sana'ar sosai ba, ta samo asali ne a Jami'ar Duke a 1965, lokacin da Dakta Eugene Stead ya ɗauki tsofaffin ma'aikatan lafiya na rundunar sojan ruwa ya horar da su domin cike giɓin ƙarancin likitoci, kuma rukunin farko ya kammala a 1967. A yau akwai mataimakan likita fiye da 170,000 masu takardar shaidar ƙasa a Amurka, kuma New York na cikin jihohin da suka fi kowace yawansu. Muna duba marar lafiya, mu gano ciwo, mu ba da umarnin gwaji, mu rubuta magani, mu kuma taimaka a ɗakin tiyata. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, duk wanda ya shiga wannan aiki, ko a Texas ya yi karatu ko a Buffalo, makarantar da hukuma ɗaya ta tantance ya bi, jarrabawar ƙasa iri ɗaya ya ci a ƙarƙashin NCCPA, hukumar da ke bai wa mataimakan likita takardar shaidar ƙasa, kuma domin riƙe shaidarsa sai ya cika sa'o'i 100 na ƙarin ilimi a duk shekara biyu. Ilimin iri ɗaya ne daga wannan gaɓar teku zuwa waccan, amma lasisin yana tsayawa ne a kan iyakar jiha.

Koke na farko, kuma mafi nauyi a wurinmu, shi ne yadda ake yanke alaƙar marar lafiya da wanda ya san ciwonsa da zarar ya ƙetare iyakar jiha. Ƙa'idar da ake bi a faɗin ƙasar nan ita ce, aikin jinya yana faruwa ne a inda marar lafiya yake zaune a lokacin da ake duba shi, ko da ta bidiyo ne. Saboda haka idan ina ofishina a Bronx, marar lafiyata kuma tana wata jiha, to a idon doka ni ne na je jihar na yi aiki, kuma a mafi yawan lokuta sai ina da lasisinta. Jama'armu kuwa mutane ne masu zirga-zirga. Akwai direbobin manyan motoci da kan kwana a jihohi daban-daban a mako guda, akwai ɗaliban da ke karatu a wajen jiha amma takardunsu na asibiti suna nan gida, akwai kuma iyalan da tsadar haya ta kora zuwa Ohio ko Connecticut amma har yanzu ba su sami asibitin da suka natsu da shi a can ba.

Bari in kawo misali ɗaya daga ɗakin da nake aiki. Wata dattijuwa mai ciwon suga da hawan jini, wadda na daɗe ina dubawa, ta tafi Columbus, a jihar Ohio, wajen 'yarta da ta haihu domin ta kula da ita a kwanakin jego. Zaman da aka shirya na arba'in ya miƙe ya zama na watanni, kamar yadda aka saba. Rannan 'yar ta kira ni ta bidiyo, tsohuwar na zaune a gefen gado da jariri a cinyarta, ta ɗago 'yar na'urar awon suga tana nuna mini lambar da ta fito, ga kuma kwalaben magani an jera su a kan faranti kusa da ita. Na san abin da ya kamata a canza, domin na san wane magani ne ya taɓa tayar mata da zuciya, na kuma san ba ta wasa da azumin Litinin da Alhamis, abin da ke shafar lokacin shan magani. Na ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba ni da izinin canza miki magani kina wannan jihar, sai dai a kai ki asibiti a nan kusa da ku." Sai ta ce, "To ɗana, ba kai ne ka san jikina ba?" Daga ƙarshe sashen ba da agajin gaggawa aka kai ta, inda aka yi mata tambayoyi ta bakin tafinta a waya, aka sake gwaje-gwajen da sakamakonsu ke cikin kwamfutata. Ma'aikatan can sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin zarginsu. Amma an kashe kuɗi masu yawa, an wahalar da tsohuwa da mai jego, a kan abin da hira ta mintuna kaɗan za ta iya warwarewa. Jihar Ohio ta shiga yarjejeniyar tun 2024, mu ne ba mu shiga ba.

Koke na biyu ya shafi ɗaukar ma'aikata. Tsarin da ake bi yanzu yana nufin duk mataimakin likitan da ke son zuwa New York daga wata jiha sai ya buɗe sabon fayil, ya sa makarantarsa ta aiko da shaida, ya sa kowace jihar da ya taɓa riƙe lasisinta ta tabbatar da cewa ba shi da laifi, sannan ya zauna jira. Haka mu ma muke yi idan muna neman lasisin wata jiha, kowace da fom ɗinta da kuɗinta da ranar sabuntawarta. A cikin makonnin jiran nan kujerar ma'aikaci tana nan babu kowa, layin masu neman ganin likita kuma yana ƙara tsawo. Ku da ke wakiltar Bronx kun fi kowa sanin cewa shekara da shekaru gundumarmu ce ke zuwa ta ƙarshe a cikin gundumomi 62 na jihar nan a jadawalin lafiyar al'umma, har ta kai an kafa gangami na musamman domin fitar da mu daga wannan matsayi. Asma, ciwon suga da hawan jini ba baƙi ba ne a gidajenmu. Matsalar kuma ba ta tsaya a birni ba, domin ƙauyukan arewacin jihar da na kudancinta, kusa da iyakokin Vermont da Pennsylvania, su ma suna fama da ƙarancin masu duba marasa lafiya, kuma a wurare da dama mataimakin likita ne mutum na farko da ake gani.

Akwai kuma iyalan sojoji, musamman na sansanin Fort Drum da ke kusa da Watertown, waɗanda ake yi wa sauyin wurin aiki a kai a kai. Saboda su ne ma Ma'aikatar Tsaron Amurka ta tallafa da kuɗi wajen tsara irin waɗannan yarjejeniyoyi tare da Majalisar Gwamnatocin Jihohi. Gwamnatin tarayya ta riga ta yi nata ɓangaren: dokar da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023 ta sauƙaƙa wa soja da matarsa ko mijinta yin amfani da lasisinsu idan an sauya musu jiha, kuma tun 2018 ma'aikatan asibitocin tsofaffin sojoji suna duba marasa lafiyarsu ta bidiyo a kowace jiha suke. Idan wannan tsari bai jefa tsofaffin sojoji cikin haɗari ba, yana da wuya a gane dalilin da zai sa a hana direban tasi ko mai sayar da kaya a titin Fordham cin irin wannan moriya.

Koke na uku shi ne abin da ya faru a 2020, wanda ba mu manta ba. A watan Maris na shekarar, lokacin da annobar korona ta cika asibitocinmu har ana kwantar da mutane a baranda, Gwamna Andrew Cuomo ya fitar da umarnin gaggawa da ya bai wa likitoci da ma'aikatan jinya da mataimakan likita masu lasisin wasu jihohi damar yin aiki a New York nan take. Sun zo daga ko'ina, mun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da su, sun kuma ceci rayuka. A watan Satumban 2021 Gwamna Hochul ta sake buɗe irin wannan ƙofa saboda ƙarancin ma'aikatan lafiya. Wato a lokacin da ruwa ya kai mana wuya jihar ta amince da lasisin sauran jihohi cikin gaggawa, ba tare da wani tsayayyen tsari na musayar bayanai ba. Yarjejeniyar da muke magana a kai tana kawo wannan amincewa ne tare da tantancewa da rajista da hanyar hukunci. Ban ga hikimar karɓar abu a cikin ruɗani a kuma ƙi shi bayan an tsara shi ba.

Na san akwai damuwar da ke sa wasu daga cikinku ɗari-ɗari, wato tsoron kada jiha ta rasa ikonta a kan masu aikin lafiya a cikinta, kuma ba na ɗaukarta da wasa, domin ita ce ta sa shawarar da Gwamna ta sha sakawa a cikin kasafin kuɗi, ta shiga yarjejeniyar likitoci da ta ma'aikatan jinya, ba ta kai ga zama doka ba. Amma ina roƙonku ku karanta wannan yarjejeniya a kan kanta. Ba ta ƙirƙiro lasisin ƙasa ba, ba ta kuma ƙwace ikon jiha ba. Wanda zai nemi izinin aiki a ƙarƙashinta dole ne ya kasance yana da lasisi marar tabo a jihar da ke cikin yarjejeniyar, ya kammala makarantar da aka tantance, shaidarsa ta ƙasa tana aiki, ba a taɓa samun sa da laifi a kotu ba, babba ko ƙarami, kuma ba a taɓa dakatar ko soke izininsa na rubuta magungunan da ake sa wa ido ba. Jihohin da suka shiga wajibi ne su binciki tarihin mai neman lasisi game da aikata laifi. Idan ya shigo New York, dokokin New York zai bi a kan abin da zai iya yi da abin da ba zai iya ba, da alaƙarsa da likitan da ke sa masa ido, da ƙa'idojin rubuta magani. Jiha na da ikon sa shi ya nuna ya san dokokinta, tana kuma da ikon karɓar kuɗi a kan izinin, saboda haka batun asarar kuɗin shiga abu ne da ke hannunku ku daidaita.

Ta fuskar ladabtarwa ma, a ganina yarjejeniyar ta fi abin da muke da shi tsauri. Jihar da mutum ya yi laifi a cikinta tana iya janye izininsa na aiki a ƙasarta, kuma idan aka hukunta shi a kan ainihin lasisinsa, izininsa a duk sauran jihohin yana faɗuwa, ba zai dawo ba sai bayan shekara biyu da ɗage takunkumin. Ofishin da ke kula da ɗa'ar likitoci a Ma'aikatar Lafiya ta jiha, wanda shi ne ke binciken mataimakan likita a nan, zai ci gaba da aikinsa, sai dai a wannan karo zai riƙa ganin bayanan sauran jihohi a rumbu ɗaya. Mai mugun hali da ke tsallake iyaka domin ɓoye tarihinsa shi ne zai fi kowa ƙin wannan tsari.

Akwai kuma fargabar da ta taso bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2022, wanda ya mayar wa jihohi ikon tsara dokokin zubar da ciki, cewa wata jiha za ta iya amfani da yarjejeniyar ta hukunta ma'aikacin lafiya a kan aikin da dokar New York ta halatta. Jama'ar da nake magana da yawunsu suna da nasu ra'ayin a kan wannan batu, ba kuma shi ne ya kawo ni ba. Abin da zan iya cewa shi ne, masu tsara yarjejeniyar sun hango wannan, sun rubuta a ciki cewa ba ta bai wa wata jiha ikon hana mutum izini ko hukunta izininsa saboda aikin da ya yi bisa doka a wata jiha ba. Jihohin Washington, Colorado, Minnesota da Maine, waɗanda matsayinsu a kan wannan al'amari ya yi kusa da na New York, duk sun duba sun shiga.

Ba zan yi muku alkawarin abin da yarjejeniyar ba za ta iya ba. Ba za ta horar da mataimakin likita ko ɗaya ba, kuma ƙofar da ake shigowa ta cikinta ita ce ake fita, don haka wasu daga cikinmu za su iya neman ƙarin aiki a waje. Ba za ta warware matsalar inshora ba, musamman ga masu Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, wanda kowace jiha ke tafiyar da nata. Ni kaina, kafin in duba waccan dattijuwa tana Ohio, sai asibitinmu ya cika sharuɗɗan Ohio na haɗin aiki da likita. Kuma babu ruwanta da wanda ya tafi Kumasi ko Yamai ko aikin Hajji ya bugo waya daga can. Abin da take cirewa shi ne shinge guda, na sake tabbatar da takardun da aka riga aka tabbatar, kuma wannan shingen ne kaɗai ke hannun majalisa ta cire ba tare da kashe wasu maƙudan kuɗi ba.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Utah ce ta fara amincewa a 2023, Delaware da Wisconsin suka biyo baya a shekarar. A watan Afrilun 2024 Virginia ta zama ta bakwai, adadin da ake buƙata kafin yarjejeniyar ta fara aiki, kuma hukumar da za ta tafiyar da ita ta yi zamanta na farko a watan Satumban shekarar. Tun daga lokacin wakilan jihohin da suka shiga, kowace da kujera ɗaya, suke rubuta ƙa'idoji da gina rumbun bayanan da za a dogara da shi kafin a fara ba da izini. Ana yanke shawarar yadda za a riƙa musayar bayanan ma'aikata da yadda za a tsara kuɗaɗe, alhali jihar da ke cikin masu yawan mataimakan likita a ƙasar ba ta wurin. Duk wanda ke da damuwa a kan sirrin bayanai ko kare ma'aikata, a teburin nan ne muryarsa za ta yi tasiri, domin wanda ya zo daga baya ƙa'idojin da wasu suka rubuta zai tarar. Kuma yarjejeniya tsakanin jihohi ba baƙon abu ba ne a wurinmu: hukumar tashoshin jiragen ruwa ta New York da New Jersey, wadda ke kula da gadar George Washington da dubban mutanenmu ke bi kullum, da irin wannan yarjejeniya aka kafa ta a 1921.

Saboda haka, cikin girmamawa, muna neman abubuwa kamar haka daga gare ku.

Muna roƙon a gabatar da ƙudurin shiga yarjejeniyar lasisin mataimakan likita tun a farkon zama mai zuwa, a matsayin ƙuduri mai zaman kansa, kada a cusa shi cikin kasafin kuɗi inda ake jefar da irinsa a daren ƙarshe na ciniki ba tare da kowa ya ji dalili ba. Muna roƙon kwamitocin da ke kula da ilimi mai zurfi da lasisin sana'o'i, tare da kwamitocin lafiya na majalisun biyu, su kira zaman jin ra'ayin jama'a, a yi ɗaya a Bronx ɗaya kuma a arewacin jihar, a tanadi tafintoci domin iyayenmu su yi magana da bakinsu. Muna so a gayyaci ƙungiyoyin ƙwadago da na likitoci masu adawa su kawo hujjojinsu a fili, a amsa su a fili.

Muna kuma roƙon a rubuta ƙudurin daidai da matanin da sauran jihohi suka amince da shi, domin jihar da ta sauya ainihin sharuɗɗan tana iya rasa karɓuwa a wurin hukumar yarjejeniyar. Duk wata ƙarin kariya da kuke ganin New York na buƙata, a yi mata doka dabam. A lokaci guda a ware wa Ofishin Sana'o'i na Ma'aikatar Ilimi, wanda ke ba mu lasisi, kuɗi da ma'aikatan da zai buƙata domin binciken tarihi da haɗa kwamfutocinsa da rumbun bayanan, kada a zartar da doka ta kwanta a takarda.

Idan kuwa bayan duk wannan majalisa ta ga ba za ta shiga ba, muna neman shugabannin kwamitocin su bayyana dalilinsu a rubuce, a kuma kaɗa ƙuri'a a fili domin kowane mazaunin gunduma ya san inda wakilinsa ya tsaya. Mu da abokan aikinmu a shirye muke mu zo Albany mu ba da shaida a duk ranar da kuka sa, tare da marasa lafiyar da suka yarda su bayyana abin da ya same su.

Allah ya taimake ku a kan nauyin da aka ɗora muku.

Naku cikin girmamawa,
Wani mataimakin likita, a madadin abokan aikinsa da marasa lafiyarsu
Bronx, New York